Wannan Kaɗai, ko Duk Masu Zuwa?

Na same ta a aljihun kwat ɗinka,
mai ruwan tokan nan da ka rantse ba ya shan ruwa,
tsakanin tikitin bas da alawar tari guda biyu.
Ba ta cika tafin hannuna ba.
Fuskarta duk karce,
sawun ɗan tsinkenka, zuwa da dawowa.

Sagir ne ya lalubo wayarta, ya jona a bango.
Ina tsame shinkafa sai na ji ƙit, ƙit,
kamar tsakon da ya ɓace wa uwa.
Na goge hannu a zane, na leƙa:
"Talata. A fitar da shara. Baƙin kwandon, ba shuɗin ba."
Kai, Tanimu!
Ƙasar Hull ta rufe maka ido sati uku
ba ka fasa tunatarwa.

Na sha yi maka tsiya a kanta.
Mutumin da ya haddace gidajen rabin Funtuwa
yau sai ƙarfe ya ce masa tashi?
Ka ce, "Barira, garin nan ba a sallama a shiga.
Gaisuwa ma sai an yanka maka rana,
ciwon haƙori sai ya bi layi wata biyu.
Abin da ba ka rubuta ba
ka miƙa shi sadaka ga mantuwa."

Da dare na zauna da ita a kicin,
iskar Humber tana taɓa ƙofar baya.
Na bi makonninka ɗaki-ɗaki:
aikin dare a ɗakin gwajin jini,
Laraba, Alhamis, Asabar.
La'asar tana matsowa kusa da azahar
duk sanda sanyi ya kama.
"A mayar da agogo baya."
"A kira Inna kafin ta kwanta."
"Kuɗin gas." "Takalmin Sagir, lamba tara."
"Fam ashirin na Garba, kada a tambaye shi."
Shekara shida ke nan, ashe,
kana bin bashin kana yafewa.

Sai na iso sha huɗu ga Maris.
"Furanni. Rawaya. Ba ta son ja."
Na ajiye ta da ƙarfi har cokali ya yi tsalle.
Ashe ba kai ba ne?
Duk shekarun nan da kake shigowa jiƙe,
hannu ɗaya a baya,
ina cewa zuciyar mutumin nan ba ta barci,
ashe batir ne ke tunawa?

Shayina ya huce kafin in huce.
Na sake ɗauka, na taɓa layin, ya buɗe.
Can ƙasa, inda take tambayar sau nawa,
wani ya zauna, wataƙila a bas,
yana girgiza, tsinke na zamewa,
ya zaɓi kowace shekara.
Inda ta ce har yaushe,
ya zaɓi babu ranar ƙarewa.

Jiya na kira wurin Ashworth mai haƙori
in ce tara da kwata ta Litinin, a ba wani.
Yarinyar ta ce, cikin ladabi,
ko a sa masa wata rana?
Na riƙe wayar.
Na ji tana taɓa madannai tana jira,
ni kuma na rasa ta cewa.

Yau Talata. Ta sake ƙit, ƙit.
Na zaro tsinken, na ce bari in rage mata aiki,
ai na san kwandona.
Na danna gogewa.
Ba ta goge ba, sai ta tsare ni da tambaya:
"Wannan kaɗai, ko duk masu zuwa?"

Liman bai yi mini wannan tambayar ba.
Masu ta'aziyya ma ba su yi ba.

Na mayar da tsinken kubensa.
Na zura kwat ɗinka a kan rigar barci,
na ja baƙin kwandon zuwa bakin titi,
tayarsa ɗaya tana kuka yadda ta saba.
Tsohuwa Pickering ta ɗaga mini hannu ta taga.
Tsuntsayen teku suna ta rigima kan rufin coci.
Yayyafi ya soma.
Ƙarya ka yi, Tanimu,
kwat ɗin nan yana shan ruwa.